Tambayoyin da Ban Yi wa Inna Ba

Ni ne ɗan farin Inna, Allah ya jiƙanta, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ma zama mu yi hira. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. In Inna tana da saƙo gare ni sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan abincinsa na nan." Ina tsaye a wurin fa. Abin bai taɓa damuna ba, haka na buɗi ido na gani. Har alfahari nake yi in na ji mata suna yabon kunyarta.

Bayan rasuwar mahaifinmu gida ya yi mata faɗi. Ƙannena maza kowa na fama da kansa, autarmu kuma, wadda ita ce abokiyar hirarta, miji ya tafi da ita Fatakwal. Ni ina Dubai a lokacin, ina aiki a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, a Jebel Ali, albashina ya kai wanda ake yarda mutum ya ɗauko iyayensa. Na yi ta aike tana ƙi, sai da aka haɗa ta da yayanta sannan ta amince. Na kama filat mai ɗaki biyu a International City, hawa na huɗu. Tagar ɗakinta tana kallon filin ajiye motoci da bayan katafariyar kasuwar 'yan Sin.

Da bizar ziyara ta shigo, ni kuma ina so in mayar da ita ta zama. Nan aka ce mini bizar zama ba ta fita sai da inshorar lafiya, doka ce, ba gudu ba ja da baya. Ni tawa kamfani ke yi mini, kati kawai ake miƙo mini, ban taɓa sanin ciwon kan da ke ciki ba. Na shiga waya na duba, na ga tsare-tsare barkatai, kowanne da ƙananan rubutunsa. Da zarar na sa shekarun Inna sai kuɗin ya yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kwana uku ina abu ɗaya, kaina ya ɗau zafi, kwanakin bizarta kuma na ta zaftarewa. Wani abokin aikina ya ba ni lambar wata wakiliyar inshora, ya ce 'yar Zangon Kumasi ce, tana jin Hausa, kuma mai lasisi ce, ba irin 'yan buga-bugar da ke tare mutum a bakin ofishin biza ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko ta zo. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin, da jaka ƙatuwa a kafaɗa. Tun a bakin ƙofa ta ciro katin lasisinta ta nuna mini ban tambaya ba. Ta wuce ni ta je ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, tana ce mata Mama. Hausarta ta Zango ce, tana yi tana jefa Turanci da nasu yaren, har na ɗan yi murmushin raini a raina. A nan da tamu Hausar zan rubuta maganarta.

Gaskiya ɗaya ce, matar nan ta san aikinta. Ta zare duk tarkacen da na kwana uku ina birgima a ciki, ta bar mini uku a kan tebur. Na farko mai araha, amma asibitocinsa kaɗan ne, mafi kusa da mu wani ƙarami a Al Warsan, kuma ba ka ganin babban likita sai ƙaramin ya tura ka wurinsa. Na uku ko kallonsa ban ƙara ba bayan na ga kuɗin. Ta ce in ɗauki na tsakiya, don tsohuwa ba ciwon kai da mura ake saya mata inshora domin su ba, babban abu ake gudu, ranar da za a ce a kwantar ko a yi aiki. Ta tambaya ko Inna za ta yarda likita namiji ya duba ta. Na ce ina fa. Ta bi jerin asibitocin da biro, ta zagaye waɗanda ta san suna da likitoci mata. Na ji hankalina ya kwanta, na ce a kawo in sa hannu.

Ta ce saura fom. Ta fito da shi, shafi biyu, tambayoyi ne a jere kan lafiyar wanda za a yi wa inshora, kowacce da akwatin i da na a'a.

"Alhaji, ka ɗan ba mu wuri," in ji ta. "Wannan ni da Mama za mu yi shi."

Raina ya ɓaci nan take. Matata tana Kano wankan jego, ba wata mace a gidan. Ni kuma a raina na ce, haba, yau na fara ganin matar nan, sai ta rufe ƙofa da uwata ta yi mata tambayar ƙwaƙwaf, ni kuma a kore ni falo kamar baƙo a gidana? Ga kuma zargi. Na ɗauka so take ta tono cututtuka a ƙara kuɗi, kasonta ya yi kauri.

"Hajiya," na ce, "uwata ce. Babu abin da za ki sani a kanta wanda ban sani ba."

Ka ji fa maganar banza. Mutumin da bai taɓa zama da uwarsa minti goma suna magana ba.

Ta dube ni, ta dubi Inna, ta miƙo mini biron. Inna tana zaune a kan darduma a bakin ƙofar ɗakinta, ta juya mana gefe, carbi a hannu. Na fara, ina kallon takarda, ina magana kamar da wani nake.

"Ana tambaya ko akwai hawan jini."

"Akwai ɗan kaɗan. Ana shan magani."

Na sa i. Suga babu. Gwiwa akwai, ciwon tsufa. Ido an taɓa yi mata aikin yanar ido a ɗaya. Muna tafiya lafiya lau har na juya shafi na biyu. A samansa akwai wani sashe na mata zalla. Ko akwai ƙari ko kumburi a mama. Ko akwai ruwa ko jini da ke fita. Ko akwai zubar jini bayan ɗaukewar al'ada. Na karanta da ido kawai. Yaya zan buɗe bakina in furta wa Inna kalmar nan? Da wane idon zan ƙara wucewa ta gabanta?

Sai na dunƙule su gaba ɗaya na ce, "Ana tambaya ko akwai wani abu kuma da ke damun jiki."

Carbin ya tsaya. Sannan ta ce, "Alhamdulillahi."

Na bi akwatunan a'a na caccake su tun daga sama har ƙasa.

"Alhaji, ba ka karanta mata waɗannan ba," in ji wakiliyar.

"Na tambaye ta, kin ji amsarta."

"Bari in faɗa maka yadda abin yake, don kar gobe ka ce ban faɗa ba. Abin da aka bayyana yau, ko sun ƙara kuɗi, za su biya maganinsa. Abin da aka ɓoye, ranar da ya fito ba za su biya ko sisi ba. Minti biyar kawai ka ba ni da ita."

Na ce kalas, an gama, ina da abin yi. Ba ta ƙara ja ba. Na sa hannu, aka miƙa wa Inna ta rubuta sunanta da ajami a hankali, wakiliyar ta tattara takardunta. Biza ta fita, kati ya zo, na yaba wa kaina. Da shekara ta zagayo ta aiko mini da saƙo ta waya cewa lokacin sabuntawa ya yi, ko akwai wani canji a lafiyar Mama? Ina tsaye a cikin sito ana sauke kwantena na rubuta mata cewa babu. Ko gida ban bari na koma ba, balle in tambaya.

Zaman Inna a filat ɗin nan zama ne na haƙuri. Tana tsoron lif, na'urar hawa da sauka daga bene, zafin waje kuma ba ya barin tsoho ya taka. Ba maƙwabciyar da za ta leƙa, na hannun damanmu 'yan Filifin ne, na hagu kuma ba mu taɓa sanin ko su wane ne ba. Da matata ta dawo da jaririya sai ta samu abin rarrashi, ta wuni tana yi mata wasa. Amma ba ta goya ta, ba ta kuma rungume ta a ƙirji, a cinya take ajiye ta. Kayanta da kanta take wankewa a banɗaki, ta shanya a ɗakinta, ta hana a sa mata a inji. Hijabi kuwa ba ta cire shi ko a cikin gida. Ni duk na ɗauka tsoron Allah ne da rashin son ɗora wa suruka nauyi.

Sai korona ta zo aka kulle gari. Ko kanti za ka sai ka nemi izini ta waya. Muka zama mu huɗu a cikin ɗakuna biyu safe da yamma, ba inda wani zai ɓuya wa wani. Wata rana da hantsi matata ta ja ni kicin ta turo ƙofa, idonta ya yi ja. Ta ce ta shiga kai wa Inna kunu ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta tarar da ita tana canza tsumma a ƙirjinta. Ta ce miki ne, ya buɗe, kuma ba na jiya ba ne ba na shekaranjiya ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Na nemi izinin fita, muka je ɗaya daga cikin asibitocin da wakiliyar ta zagaye. Matata ta shiga da ita wurin likita mace, ita ce tafinta, ni ina mota da 'yarmu. Aka wanke mikin, aka ɗebi abin gwaji, inshora ta biya duk wannan ba gardama. Bayan kwanaki sakamako ya fito, sankarar mama ce. Likita ta ce aiki ake bukata da dogon magani, kuma kar a ɓata lokaci. Asibiti ya rubuta wa kamfanin inshora neman amincewa. Amsa ta dawo cewa ba za su biya ba.

Dalilin yana cikin rubutun likita. Ta tambayi Inna tun yaushe ta fara jin ƙarin, Inna kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta ce tun Malam, wato mahaifinmu, yana da rai. Aka lissafa, ya haura shekara huɗu. A gefe guda ga fom da hannuna a jiki, an ce babu komai.

Na kira wakiliyar na zazzage mata kwandon rashin mutunci. Na ce dama haka kuke, ku karɓi kuɗin mutane kuna washe baki, ranar bukata ku ɓuya a bayan takarda. Na ce zan kai ƙara, zan yi kaza zan yi kaza. Ta bar ni na yi har muryata ta dushe.

"Ka gama, Alhaji?" ta ce. "Sannu. Allah ya ba Mama lafiya. Na roƙe ka minti biyar, ka ce uwarka ce."

Ba ta faɗa da gori ba, shi ya sa ya fi zafi. Sai kuma na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na sassauta murya na ce ko akwai yadda za a yi likitar ta gyara rubutun, a ce bana abin ya fara?

"Ba zan yi ba, kuma kar ka je ka tambayi likitar," in ji ta. "Ni lasisina zai tafi, kai kuma za su soke inshorar gaba ɗaya, har da ta hawan jinin. Ka tsaya mu yi abin da zai yiwu."

Abin da zai yiwu ɗin kaɗan ne. Ta rubuta musu roƙo a sake dubawa, suka sake ƙi. Ta turo mini sunayen wuraren da ke taimakon marasa lafiya, na cika takardu na tura, kowa ya ce a jira, masu nema sun yi yawa. Hanya ɗaya tak ta rage, a jira inshorar bana ta ƙare, a sabunta da gaskiya, su sa kuɗin da suka ga dama, sannan su fara biya. Saura wata biyar.

Na tambayi asibiti nawa ne in zan biya da kaina. Da aka faɗa mini sai na yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. A watan nan aka rage mana albashi, aka sallami wasu a ofis. In na rasa aikin, bizata ta tafi, tata tana rataye a jikin tawa, inshorar kuma tana rataye a jikin tata. Don haka kullum sai in saka takunkumi in kama dogon titin Jebel Ali, in wuni ina cewa to yallaɓai ga mutumin da a da ba na raga masa. Na ce to in mayar da ita gida mana, ko ba komai can akwai dangi, kuma kuɗina zai fi yin auki. Filayen jirgin gida a rufe suke, ba shiga ba fita, ba wanda ya san ranar buɗewa. Ban taɓa jin na tsani gari kamar yadda na tsani garin nan a watannin nan ba. Ga asibitoci kamar otal a kowace kwana, ina wuce su safe da yamma, uwata tana hawa na huɗu tana canza tsumma.

Na kira autarmu in sanar da ita. Tana jin muryata ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ai na sani. Tun kafin ta taho ta nuna mini. Ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba." Na kashe wayar don kar in faɗi abin da zan yi nadama. Amma fushin bai daɗe ba ya dawo kaina. Ranar da nake cika fom ɗin nan, kira ɗaya zuwa Fatakwal ya isa. Ban yi ba, don ban ma san cewa ban sani ba.

Tsakanina da Inna kuwa ba abin da ya canza a fili. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in ce, "An tashi lafiya? Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." In sayo maganin rage zafi da bandeji in ba matata. Sau uku ina shirya maganar da zan yi mata, in nemi gafara, in ce laifina ne, ina zuwa bakin ƙofar sai in ji kaina ina tambaya ko a ƙaro sanyin ɗakin. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. In zafin ya taso ba ta nishi, sai dai mu ji ƙarar carbi ta ƙaru.

Da aka sassauta kulle, wakiliyar ta kira ta ce za ta zo da sabon fom tun da wuri, ta tura wa kamfanoni uku ta ga wanda zai fi sassauci, don ranar da tsohuwar ta ƙare kar a rasa ko kwana ɗaya. Ta zo da takunkumi a fuska, ta wanke hannu a kicin. Wannan karon ba ta nemi izinina ba. Ta shige ɗakin Inna ta rufe ƙofa.

Na zauna a falo. Sun fi awa ɗaya. Ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, har wani lokaci na ji Inna ta yi dariya, dariya sosai, irin wadda ban taɓa ji ba tunda ta sauka a ƙasar nan. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Baƙuwa daga Kumasi ta samu a awa ɗaya abin da ban samu ba a shekara arba'in da wani abu.

Ta fito ta ajiye fom ɗin a gabana, don dole in sa hannu tunda ni ne mai ɗaukar nauyi. Ta ce in karanta kafin in sa. Na karanta. Shafi na biyu ya cika da i, da ƙarin bayani a gefe da rubutunta ƙanana. A takardar nan na fara sanin jikin da ya haife ni, abin da ya ɗauka da tsawon lokacin da ya ɗauke shi. Na sa hannu.

Ta zuge jakarta, amma ba ta tashi ba.

"Alhaji, Mama ta ba ni saƙo. Ta ce ba ta so ta ba matarka don kar ta sa ta kuka."

Na ce ina ji.

"Ta ce ta ji jirgin mutane ne ba ya tashi, amma na kaya yana zuwa. Akwai farin yadi a ƙasan akwatinta na ƙarfe a gida, wanda ta wanko da zamzam shekarar da ta je Makka. Ta ce ka sa a aiko mata da shi."

Na buɗe baki in ce haba, saura wata uku kawai, za a yi aiki, za ta warke. Wakiliyar ta girgiza mini kai a hankali, ta nuna ƙofar ɗakin da ido. Ba a rufe take ruf ba. Inna tana ji.

Na ce, "A gaya mata za a kawo."

Washegari na kira ƙanena ya fasa kwaɗon akwatin, ya kai yadin wurin wani mai kago da muke hulɗa da shi a Kano. Ni na cika takardar shigo da kayan da hannuna a ofis, aikin da nake yi kullum ba tare da tunani ba. A gurbin bayanin kaya na daɗe ina kallon allon kwamfuta, sannan na rubuta farin yadi, ƙulli ɗaya, ba na sayarwa ba.

Cikin kwana tara ya iso, ba wanda ya tsayar da shi, ba wanda ya nemi wata hujja. Inshorar kuwa saura wata biyu da rabi ta fara aiki. Na hau da shi hawa na huɗu na ba matata ta kai mata, na tsaya a bakin ƙofa. Na ji ta warware ƙullin, ta shinshina, sannan ta ce, "Madalla, shi ne. Allah ya yi masa albarka."